Hayaƙin Ɗakin Baya

Maamobi, Accra
Mayu, 1981

Zuwa ga Autana Osumanu, a Agege.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka a Legas. Mu nan sai godiya. Yayarka Fulera tana gaishe ka, jaririyarta ta fara zama. Moro direba ne zai taho maka da takardar nan daga tashar Tudu, kada ka yarda ya ce maka ta faɗi a hanya.

Albishirinka, matarka Mariatu tana da juna biyu. Ni na gane tun kafin ita ta gane, ranar da ta ture tuwo ta zauna tana tsotsar tsamiya. Na ja bakina na yi shiru kamar yadda ake yi. Amma akwai waɗanda Allah bai yi wa bakinsu murfi ba. Ka san Amama mai koko, wadda ke haya a ɗakin bakin ƙofa. Rannan mata cike a bakin famfo, sai ta ƙura wa cikin yarinyar nan ido, ta ce da ƙarfi, "Ei, Mma, wannan sam ba ɗaya ba ne koraa. Mutum biyu ne a ciki." Har da dariya da tafi. Matar da ta binne duk abin da ta haifa, ita ce za ta ƙirga mini jikoki a gaban jama'a? Kafin la'asar Mariatu ta kwanta da ciwon kai.

Ban tsaya jiran shawarar kowa ba. Na kwashe kayanta daga ɗakinku na gaba, inda kowane mai wucewa yake leƙa taga, na mai da ita ɗakin baya, jikin inda muke babbakar ganda. Can ido ba ya kaiwa. 'Yar tagar da ke sama na toshe ta da tsumma. Safe da yamma ina zuba garwashi a kasko, in barbaɗa tazargade da habbatus sauda da ɓawon tafarnuwa, in ja ƙofa har hayaƙin ya ratsa ta. Haka uwata ta yi mini lokacin cikinka, ga ka nan ƙato.

Sana'a tana tafiya. Itace ya yi wuya, mun koma ƙona tsofaffin tayoyin mota daga Abossey Okai kamar sauran masu ganda. Wutarsu ta fi ci, nan take take lashe gashin fatar saniya, masu sayar da shinkafa da wake sai yabon gandarmu suke yi.

Idan ta rubuto maka ƙorafi, ka dai san halin 'yan boko. Ka riƙe salla, ka ci abinci. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Luba

*

Maamobi
Yuni, 1981

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka sannu da aiki da zaman baƙunta. Allah ya sa aikin ginin bai fi ƙarfinka ba.

Ban so takardata ta farko ta zama ta kuka ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Ɗakin da Mma ta sa ni, bango ɗaya ne tsakaninsa da ramin babbaka. Da an kunna taya, baƙin hayaƙin yana shigowa ta tsakanin bango da kwanon rufi, ya tarar da na kasko a ciki, su haɗu a kaina. Farin mayafin da ka saya mini na rataye shi a ƙusa, yanzu ba za ka gane shi ba. Idan na shaƙa ruwa wajen alwala, abin da ke fitowa daga hancina baƙi ne. Tari kuwa ya zama abokin hirata.

Na je awo. Ungozomar asibiti ta kafa abin sauraronta a cikina, nan da can, ta ce zuciya biyu take ji. Ka ga ashe Amama ba ta yi ƙarya ba. Na yi murna har na yi hawaye, amma da ta auna cikin sai fuskarta ta canja, ta ce bai kai girman na 'yan biyu ba. Ta sunsuna zanena ta tambaye ni ko mijina mai facin taya ne. Da na gaya mata inda nake kwana, ta ce abin da uwa ta shaƙa yana isa ga abin da ke cikinta, ya hana shi girma, kuma 'yan biyu dama a takure suke.

Na kawo wa Mma maganar da ladabi. Ta ce in tambayi ungozomar ko ta taɓa haihuwar tagwaye. Tabbatar da cewa biyu ne ma sai ya ƙara mata zargi, wai ta yaya Amama ta ga abin da ke cikin ciki in ba da wani ido ba.

Ba na cewa Mma tana nufina da sharri. Ita ke dama mini kunu, ita ke matsa mini ƙafa idan ta kumbura. Amma ina jin tsoro. Ka ba ni izini in koma wurin Gwaggo Hamsatu a unguwar Madina da ke bayan garin Accra har in sauka, can akwai fili da itatuwa. In hakan ba zai yiwu ba, ka roƙar mini ɗakinmu na gaba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Mariatu

*

Maamobi
Cikin azumi, 1981

Auta,

Gaisuwa da fatan kana shan ruwa lafiya. Allah ya karɓi ibadarmu.

Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a baki. Matarka ta koyi fita. Kullum da safe, da mun kunna wutar babbaka, sai ta yafa mayafi ta sulale, ba a ganinta sai rana ta take. Na tambaye ta, ta ce iska take sha. Iskar gidan ubanka ta ƙare ne?

Na sa Fulera ta bi sawunta. Ta hango ta sun nufi Kawukudi, kuma ka san wa ke riƙe da hannunta? Amama. Suna tafe suna ƙus-ƙus kamar 'yan ɗaki ɗaya. Fulera da goyo, ba ta iya bin su har ƙarshe ba, don haka ban san ƙofar da suka shiga ba. Na duba ɗakinta, na tarar an zare tsumman taga, ga kuma ƙwaryar kokon Amama a ƙarƙashin gado, an shanye.

Tun da ta fara wannan yawo tarin ya ƙaru, cikin kuma ya ƙi tasowa. Ina ɗaure ta da safe, wata tana kwancewa da hantsi. Ko dai an shanye yarinyar nan ba ta san inda kanta yake ba, ko kuwa ta sani sarai. Ban ce tana ganin wani ba. Ban faɗa ba, kada ka ce na faɗa. Amma macen da mijinta ke Legas, tana fita kullum ba ta faɗin inda za ta, mutanen Maamobi ba makafi ba ne.

Kai ne mijinta, ka ja mata kunne. Allah ya tsare ka.

Mahaifiyarka,
Luba

*

Agege, Legas
Bayan Ƙaramar Salla, 1981

Zuwa ga iyalina Mariatu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kin yi salla lafiya. Takardarki ta same ni, ta Mma ta biyo baya. Na shimfiɗa su gefe da gefe ina dubawa har kaina ya ɗaure.

Zan yi miki tambaya, kuma ba na son kwana-kwana. Ina kike zuwa kowace safiya? Wa kike gani a Kawukudi? Me ya haɗa ki da Amama bayan kin san abin da ake faɗa a kanta? Ina nan ina ɗaukar bulo a ka har wuyana ya ƙage, ba don in ji ana yi da matata a bakin famfo ba.

Game da hayaƙi, a cikin hayaƙin gandar nan aka haife ni, a cikinsa aka yaye ni, ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Ban yarda da zuwa Madina ba. Mutane za su ce uwata ta kasa riƙe surukarta. Ki zauna inda Mma ta ajiye ki, ki mai da tsumman taga, ki daina fita sai ranar awo, ranar ma da rakiyar Fulera.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta cewa biyu ne, na fito waje ina ta murmushi ni kaɗai, na rasa wanda zan gaya wa, sai na gaya wa mai gadin wurin aikinmu, wanda ko Hausa ba ya ji. Saboda su nake tsananta miki. In maza ne, Alhassan da Fuseini. In mata ne, kin san sunansu.

Wassalam.

Mijinki,
Osumanu

*

Asibiti, ɗakin jarirai
Satumba, 1981

Maigida,

Ina gaishe ka. Na sauka, wata tara bai cika ba. Maza ne. Alhassan ya fara fitowa, ƙarami ne amma ya yi kuka da kansa. Fuseini kuwa tafin hannuna biyu ya ishe shi kwanciya, kuma sai da aka sha fama kafin ya yi motsi.

Ka yi mini tambayoyi, ga amsarsu, ko da yake sun makara. Akwai wani benci a gindin darbejiya kafin a kai mahaɗar Kawukudi, nesa da titi. Can nake zuwa in zauna in yi numfashi har wutar taya ta mutu. Amama tana raka ni ne don jiri yana ɗibata wajen tsallake hanya. Namijin da nake gani a wurin wani tsoho ne mai gyaran keke, ko sannu bai taɓa ce mini ba. Ban gaya wa Mma wurin ba don na san za ta hana. Kuma lokacin da aka haife ka da itace ake babbaka, ba da taya ba, ka tambaye ta.

Tun da takardarka ta zo ban sake fita ba. Na mai da tsumma da hannuna, na zauna a ciki kamar yadda ka ce. Na ji haushinka ƙwarai, kuma har yanzu ina ji.

Likita ya riƙe Fuseini, ni ma ina tare da shi saboda nono. Alhassan an sallame shi, Mma ta naɗe shi a zane ta tafi da shi gida tun kafin suna, wai kada idon asibiti ya kama mata duka biyun. Fulera ke shayar da shi tare da 'yarta, Allah ya saka mata. A ɗakin baya yake kwana, da kaskon da komai. Nakan je in gan shi idan nas ta yarda, in dawo zanena yana warin taya.

Sun ce ƙirjin Fuseini ba zai ɗauki hayaƙi ba, in na mai da shi can, kada in dawo musu da kuka. Saboda haka ranar da aka sallame mu, Madina zan wuce da shi. Wannan karon ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Allah ya raya mana su.

Mariatu

*

Maamobi
Bayan Babbar Salla, 1981

Auta,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da salla da barka da ƙaruwa, ko da yake ƙaruwar ta zo da abin da ta zo da shi. Layyar bana mun sha aiki. Kawunan raguna da ƙafafuwa daga Nima har Kotobabi nan aka kawo su babbaka, wutarmu ba ta mutu ba sai da mako ya juyo.

Matarka ta yi abin da ta ga dama. Daga asibiti ta wuce Madina, ko gidan nan ba ta biyo ba. Sai Juma'ar da ta wuce ta zo da yaro a baya. Na ce a kwantar da su a tabarma ɗaya in gani. Auta, abin da na gani ya hana ni cin abinci. Wanda take kira Fuseini kumatu gare shi, cinyarsa har da ninki, ya fi Alhassan tsawo da nauyi. Ni kuwa wanda na gani a asibiti ɗan tsako ya fi shi auki. Yaron da aka fitar da rai da shi, shi ne zai wuce wansa cikin ɗan wannan lokaci? Ko dai an musanya mana shi a asibitin nan, ko kuwa akwai hannu a ciki. An gaya mini Amama ta je Madina har sau biyu.

In ma shi ne, to ga abin da raba tagwaye ke jawowa. Tagwaye ba kamar sauran 'ya'ya ba ne. Abin da aka yi wa ɗaya shi ake yi wa ɗaya, hula iri ɗaya, zane iri ɗaya, ruwan wanka ɗaya. Wanda aka bambanta shi yakan yi fushi, fushinsu kuwa a jiki yake fita. Ta raba su, ga shi ɗaya yana shan ƙarfin ɗan'uwansa.

Alhassan ba shi da lafiya. Ƙirjinsa yana fito dare da rana, in ya ja numfashi haƙarƙarinsa sai ya lotsa, nonon ma sai ya kama ya saki. A ƙirjina yake barci, bayana ne gadonsa, ban san sanda na fara son yaron nan haka ba. Na ƙara masa hayaƙi, yanzu har da azahar.

Da za ta tafi ta miƙa hannu za ta ɗauke shi. Na tsaya a bakin ƙofa. Muddin yana hannuna, dole ta dawo da ɗayan. Ka rubuta mata ta dawo ɗakinta, a haɗa su wuri ɗaya.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Luba

*

Madina
Nuwamba, 1981

Maigida,

Gaisuwa. Gwaggo Hamsatu tana gaishe ka. Na san takardar Mma ta riga tawa, kuma na san abin da ke ciki, don a gabana ta faɗe shi.

Ba a musanya Fuseini ba. Kunnensa na hagu a lanƙwashe yake kamar naka, na Alhassan ma haka, Mma ta gani ta kau da kai. Ba wani asiri a Madina. Nono ne irin wanda Fulera ke ba ɗan'uwansa, sai taga a buɗe. Duk ranar da aka ɗora shi a sikeli sai ya ƙaru.

Amama ta zo nan, gaskiya ne. Ta bar kokonta ta hau mota don ta gaya mini abin da ta gani ranar da Fulera ke yi wa Alhassan wanka a tsakar gida. Ta ce da irin Hausarta ta 'yan Accra, "Mariatu, tashi ka je ka ɗauko yaronka, ko da faɗa. Ni na san wannan numfashi, na ji shi a ɗakina." Shi ya sa na je ran Juma'a. Na goge masa hanci da bakin zanena, abin da ya fito irin wanda ke fita daga nawa ne a da.

Ba zan yi kokawa da mahaifiyarka a bakin ƙofa ba. Maganar mutum ɗaya take ji a duniyar nan, kai ne. In ka ce in mai da Fuseini ɗakin baya, ba zan mai da shi ba, sai dai ka aiko mini da takardar saki. In kuma ka yi shiru, ba na jin Alhassan zai ga ƙarshen shekarar nan.

Ina jiran Moro a tasha.

Mariatu

*

Agege, Legas
Nuwamba, 1981

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Luba,

Ina durƙushe ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ɗawainiyar jikanki. Abin da kike yi wa Alhassan, ni ba ni da bakin gode miki.

Mma, na karanta maganarki a kan tagwaye, kuma ban ga inda zan musa ba. Abin da aka yi wa ɗaya shi ake yi wa ɗaya. To na zauna na yi tunani a kai. An kai Fuseini Madina, ya sha ruwan can, ya kwana a ɗakin can, yana shan nonon uwarsa. Alhassan ba a yi masa ko ɗaya daga ciki ba. Ashe ba shi ne aka bambanta ba? Ina tsoron fushin da kike gani a ƙirjinsa na wannan ne. Ko an dawo da Fuseini yau, ya riga ya samu abin da wansa bai samu ba.

Ina roƙonki don Allah a biya wa Alhassan nasa. A kai shi Madina ya zauna gwargwadon yadda ƙanensa ya zauna, in sun yi daidai sai mu yi maganar dawowa. Ban yarda kowa ya ɗauke shi ba sai ke, kuma ki zauna tare da shi, idonki a kansa. Kaskon kuwa a bar shi a Maamobi, tunda ba a yi wa Fuseini.

Ki yafe mini in na yi tsaurin ido.

Autanki,
Osumanu

*

Madina
Disamba, 1981

Auta,

Ina gaishe ka. Takardarka ta zo. Na gane wayonka, ni na haife ka. Duk da haka na goya Alhassan na taho, kuma ina nan.

Gidan Hamsatu ko labulen kirki babu, kowa yana ganin kowa. Amama kuwa har gobe ban yarda da ita ba. Nas ɗin asibitin nan ta ce Alhassan ya fara ƙaruwa a sikeli, amma ƙirjin sai a hankali, wataƙila ba zai taɓa kamo ƙanensa ba.

Shekaranjiya da azahar na shimfiɗa shi kusa da ni a gindin mangwaro ina tsince shinkafa. Can sai na ji shiru. Fiton nan da na saba ji ya ɗauke. Na watsar da faranti, na sure shi ina salati, Mariatu ta fito da gudu ba ɗankwali. Sai ya buɗe ido ya tsala ihu don na tashe shi.

Barci yake yi, Auta. Na ɗauka ya mutu ne, don tun da aka haifi yaron nan ban taɓa jin ya yi numfashi ba tare da ƙara ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifiyarka,
Luba